Bargon Shekara Talatin

A gidansu kowa ya san Tela ba ta ba da kyautar kanti. In ka yi aure, ko ka haihu, ko ka gama karatu, bargo za ta ɗinka maka, irin wanda ake haɗa ƙyallaye ɗaruruwa a sama, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, sannan a bi shi da allura har ya zama abu guda. Kuma ba ta yin biyu iri ɗaya. Yayanta mai koyar da lissafi ta yi masa na allo da alli. Ƙawarta mai kiwon kaji ta samu nata da zakaru goma sha biyu, ɗaya mai ido ɗaya, don kuwa haka zakaran gidan yake. Mutane sukan yi hawaye in sun warware, ita kuwa hawayen nan shi ne ladanta. In ka karɓa ka ce na gode kawai, sai ta yi sati tana jin haushinka.

Aibinta yana idonta. Tela ba ta ganin riga a matsayin riga. Kana mata magana tana kallon kafaɗarka, tana auna ƙyalle nawa bayan rigarka zai ba da. Mama takan ce, "Ke dai in aka bar ki da almakashi a gidan nan, da zanin gado za mu riƙa fita unguwa." A yi dariya, ita ma ta yi.

Babanta ma'aikacin kamfanin wutar lantarki ne, cikin masu hawa turke su gyara waya. Abokan aikinsa Na-Sama suke ce masa. Saura wata takwas ya cika shekara talatin yana wannan aiki sai ya faɗi, kuma ba daga turke ba, a banɗaki, yana wanke baki. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti ba ya iya hawa bene zuwa ɗakinsu da Mama, sai aka ja kujerun falo gefe aka kafa masa wani siririn gadon ƙarfe kusa da taga.

Ranar sallamar, likita ta tsayar da Mama da Tela a bakin ƙofa, ta faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana. Turke dai ya gama hawa har abada. Amma in ya dage da motsa jiki, zai tashi ya yi tafiya da sanda, ya hau benensa, ya yi wa kansa wanka. In kuwa ya saki a cikin wannan shekarar, ƙafar za ta sandare, daga nan sai kwanciya. "Duk abin da yake tashinsa daga gadon nan," in ji ta, "ku bar masa shi, ko da ƙarya ne."

Abin da yake tashinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Rigar aikinsa ce, shuɗiya mai ratsin ɗorawa a ƙirji da hannuwa, irin ratsin da ke walƙiya in haske ya dake shi. Ya sa aka rataye ta a bayan ƙofar falo, daidai inda idonsa yake sauka. Kullum da safe mai koya masa tafiya yakan zo, wani ƙaton mutum marar dariya da Baba ya laƙaba wa Kofur. Kofur ya ɗaga shi, ya ɗora hannayensa a kan ƙarfen dogarawa, ya ce, "Zuwa rigar, Na-Sama." Daga gado zuwa ƙofa taku goma sha huɗu ne. A watan farko uku ya iya, yana gumi yana zagin ƙafarsa. A wata na biyar ya kai tara. In an gama, a ciro rigar a ɗora masa a cinya ya yi ta kokawa da maɓallai da hannun da ba ya jin magana.

"Ranar da na cika talatin," yakan ce, bakinsa a ɗan karkace, maganar na fita a hankali, "da ƙafata zan shiga ofis, cikin rigar nan. Ku zuba ido."

Mama ta ce Allah Ya nuna mana. Tela ma ta ce haka, amma hankalinta yana wani wuri. Shekara talatin ta Baba, a ce ta wuce babu bargo? Ai ba ta haifu ba.

Ta roƙi Mama tsofaffin kayan aikinsa da ke cikin akwati, Mama ta ba ta ba musu, don asu ya fara taɓa wasu. Kamfanin ya canza launin kaya sau biyu a zamanin Baba: toka-toka, sannan kaki, sannan shuɗi. Tela ta kwashe su zuwa shagonta da ke ƙarshen layi, ɗaki guda mai keke biyu da faffaɗan teburin yanka. Ta wanke, ta goge, ta warware ɗinki, ta baje. Gari za ta yi. Toka-tokar ta zama turaku bakwai a jere. Kakin ya zama gidaje, manya da ƙanana, wasu a karkace kamar na unguwarsu. Tsohon shuɗin da ya koɗe ya zama sararin sama. Wayoyi kuwa da baƙin zare ta ja su da hannu, har da tsuntsaye uku a kan ta tsakiya. Sati shida tana kai, yatsunta duk sun yi kanta.

Da ta shimfiɗa shi a tebur ta ja baya ta duba, sai ranta ya ɓaci. Garin ya yi kyau, amma a mace yake. Tagogi arba'in da ɗaya ta bari, kuma babu ɗaya mai haske. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai wa mutane wuta, a ba shi gari mai duhu?

Ta zaga kasuwa ta sayo yadi ruwan ɗorawa kala biyar. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi kama da kwaiduwar ƙwai, wani da ciwon shawara. Ta watsar da su ƙarƙashin tebur. Ta san wanda take so, ta san inda yake, kullum tana wuce shi in ta shiga gaida Baba.

Ranar Laraba Mama ta wanke rigar ta shanya a igiyar bayan gida. Tela ta zo da rana ɗaukar abincinta, Baba yana barci, Mama ta leƙa maƙwabta. Rigar tana lilo, ratsin yana ɗaukar rana yana mayarwa. Ba ta ce wa kanta za ta yanka ba, haba. Cewa ta yi za ta cire ratsin hannu guda kawai, ta sayi wani a kasuwa ta mayar kafin la'asar, ba wanda zai sani. Ta naɗe ta ta cusa a jaka.

A shago ta ɗauki reza ta nemi bakin ɗinki ta rasa. Ratsin ba ɗinka shi aka yi ba, manna shi aka yi da zafi a jikin yadin. Mai hankali a nan zai ajiye reza. Tela ta ce bari ta ɗan ɓamɓara ta gani. Yadin da ya sha wanki shekara uku ya ce kyat, ya tsage daga gwiwar hannu har kafaɗa.

Ta ajiye rezar. Ta juya hannun rigar ta sake juyawa. Faci zai nuna, ko makaho ya shafa zai ji. Daga nan sai wannan idon nata ya karɓi aiki daga hannun zuciyarta: tun da hannu ɗaya ya tafi, ɗayan me zai tsinana? Hannu biyu taga ashirin da shida. Ƙirji ya cike sauran. Bayan rigar, sabon shuɗi mai kauri, ya isa ya zagaye bargon da baki. Kafin rana ta faɗi, abin da ya rage na rigar Baba kwala ce da jerin maɓallai. Tagogin kuwa suka kama wuta. Tela ta tsaya tana kallo, kuma sai a faɗi gaskiya, daɗi ta ji. Ba ta taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Washegari Kofur ya ɗaga Baba ya ce, "Zuwa rigar," sai suka ga ƙusa kawai.

"Ina rigata?"

Mama ta dubi Tela. Tela ta ce, "Tana shagona, Baba. Maɓallan sun yi sako-sako, zan ƙara musu zare."

"Maɓalli shida, Tela. Sati za ki yi?"

"Aiki ne ya yi mini yawa."

"To, ki hanzarta. Ba na son kallon ƙusa."

Ya yi takunsa tara zuwa ƙusar, yana mita. A kicin Mama ta rufe ƙofa ta tsare ta da ido har sai da Tela ta faɗa da bakinta. Mama ta dafa bango.

"Kin kashe mu. Wallahi kin kashe mu, yarinyar nan."

"Zan samo wata, Mama. Kamfanin ai suna da su jibgi."

Ta je kamfanin da hantsi. Ta wuce filin da aka jibge turaku da manyan naɗin waya, ta sami ɗakin ajiya a can ƙarshe, mai ƙanshin roba da man inji. Mai kula da ɗakin ya san ta tun tana goye. Ya tambayi jikin Na-Sama, ya yi addu'a, sannan da ta faɗi abin da ya kawo ta sai ya kau da kai yana gyara takardu.

"'Yata, riga sai mai suna a jerin ma'aikata. Sunan babanki an cire shi tun watan jiya, takardar likita ta iso. Ba a aiko muku ba?"

An aiko. Tana ƙarƙashin katifar Mama.

"Ko tsohuwa, Kawu. Ko ta wani."

"An canza kaya tun farkon shekara, ruwan lemo ake sawa yanzu. Shuɗin duk an kwashe." Ya nuna mata wata ƙugiya a bango, inda ɗamarar hawa turke take rataye da sunan wani a kai. "Nan tasa take a da."

Ta bi gidajen abokan aikinsa biyu. Ɗaya ya mayar da tasa tsumman goge mota, ɗayan kuma ɗan firit ne, rigarsa ko hannun Baba ba za ta shiga ba.

Mama ta ce a ce masa ɓarawo ya ɗauke a shago. Zai yi faɗa, zai zagi ɓarawon, a rataya masa wata riga a ƙusar a ci gaba. Bargon kuwa a naɗe shi a jefa can saman kabad har sai ya hau bene da ƙafarsa. Shawara ce mai kyau, kuma Tela ta san mai kyau ce. Amma ta yi wata biyu tana hango fuskar Baba ranar da zai warware shi. Ta ce wa kanta in ya ga tagogin nan zai gane, zai ga rigar ba lalacewa ta yi ba, ɗaukaka ta samu. Wa ya taɓa buɗe bargonta bai yi farin ciki ba? Ta ce wa Mama to, ta koma shago ta ci gaba da bin shi da allura.

Ranar cika talatin ta zo, Baba bai je ofis ba, amma ya yi abin da bai taɓa yi ba. Taku goma sha huɗu cif, ya ɗora tafin hannunsa a ƙofar falo. Kofur da ba ya dariya sai da haƙoransa suka fito. Baba ya koma gado yana haki, fuskarsa sharkaf.

"Zan makara da 'yan watanni, ba komai. Su jira ni. Tela, yau kam ko ki kawo rigata ko in taka har shagon naki."

Tana tsaye da ƙunshi a hannu. Mama ta gani, ta girgiza mata kai, ta sake girgizawa. Tela ta yi kamar ba ta gani ba.

"Baba, ga kyautarka ta shekara talatin."

Ta warware ta shimfiɗa masa daga ƙirji har ƙafa. Hasken taga ya sauka a kai.

Da fari abin ya tafi yadda ta so. Baba ya ce kai, kai, kai. Ya bi turakun da yatsa. "Wannan tokar ita aka fara ba mu, ƙaiƙayi gare ta kamar buhu. Wannan kakin a cikinsa nake ranar da aka haife ki, daga kan turke aka kira ni." Ya sami wani ɗan ƙonannen wuri a bangon wani gida ya yi dariya. "Har da wannan kika bari? Ranar nan saura ƙiris ku zama marayu." Idonsa ya kawo ruwa. Tela ta ji zuciyarta ta cika, ta saci kallon Mama.

Sai yatsan ya kai kan taga.

Ya shafa ta. Ya shafa ta kusa da ita. Ya kai hannu bakin bargon ya murza shuɗin mai kauri tsakanin yatsu biyu. Mutumin da ya yi wata biyar yana kokawa da yadi a cinyarsa ba ya bukatar a faɗa masa.

"Duka?" ya ce.

"Baba, kuskure aka samu, hannun ne ya fara..."

"Ba faɗa nake ba. Tambaya nake."

"Duka, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi gefen dama, inda bargon ya sauka daidai bakin ƙarfen gado, ya dubi na hagu, inda ya sauka daidai haka. Ko ɗan yatsa bai wuce ba, bai gaza ba. Aikin Tela ne, ba a samun kuskuren awo.

"Wannan gadon kika auna."

Ba ta taɓa tunanin abin ba sai yanzu. Mai ɗinka bargo gadon mutum take aunawa, shi ne farkon aiki, hannunta ya yi shi ba tare da ya shawarci kanta ba. Gadonsu na bene ya ninka wannan a faɗi.

Baba ya juya ga Mama. "Likita ce ta faɗa muku?"

Mama ta ce, "Turke kawai ta ce, wallahi turke kawai. Tafiya za ka yi, bene za ka hau..."

"Tun yaushe?"

Kofur ya sunkuyar da kai yana duba agogonsa.

"To," in ji Baba. "Ya yi kyau, Tela. Allah Ya yi miki albarka. Ja mini shi sama kaɗan."

Washegari Kofur ya zo, Baba ya ce jikinsa ba daɗi, a bari sai gobe. Gobe ta zo ya ce jiri yake ji. A rana ta huɗu ya ce, "Kofur, ka yi ƙoƙari, na gode. Akwai masu bukatarka fiye da ni." Kofur ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya ɗaga shi da ƙarfi, Baba ya saki jiki kamar jiƙaƙƙen zani har dole aka mayar da shi. Yaya ya zo daga garin da yake koyarwa ya yi kwana uku yana magana. Likita ta zo da kanta ta ce abin da ta faɗa tun farko, a gabansa wannan karon. Ya saurare ta da ladabi ya ce Allah Ya saka.

Tela ta sayo shuɗin yadi mafi kusa, ta ɗinka riga a kwana biyu, ta ɗora mata tsohuwar kwalar da maɓallan nan shida, ta rataye a ƙusa. Baba ya dube ta sau ɗaya. "Hannunki na da kyau," ya ce. "Ba wa mai gadin layi, tasa ta yage."

Da ya zage ta da ta samu sauƙi. Da ya jefar da bargon, ko ya daina mata magana, da ta san inda za ta durƙusa. Amma bai rabu da shi ba ko a ranar zafi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa turakun, ya ce 'yata ce ta yi, da hannu. Mama ta daina yi mata maganar, sai dai in Tela ta shigo kicin ita ta fita. Bayan wata uku ƙafar hagun ta lanƙwashe a gwiwa ta ƙi miƙewa. Aka fara juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Tela ce take zuwa da safe da rana ta kama kafaɗa Mama ta kama ƙugu, kuma kullum sai ya fi jiya rashin nauyi.

Wata safiya suna cikin gyara masa kwanciya sai matar wani abokin aikinsa ta shigo dubiya. Mijinta ma yana gida wata biyu, ciwon baya ya kwantar da shi. Ta ga bargon ta riƙe baki. Ta zagaya gadon tana taɓa gidajen, tana ƙirga tsuntsayen.

"Ikon Allah! Ke kika yi wannan? Don Allah ki yi wa maigidana irinsa. Kayan aikinsa suna nan cike da akwati, gobe-goben nan in kawo miki. Zai ji daɗi, wallahi."

Tela tana riƙe da matashin kai, ta kasa ɗaga ido.

"Yi mata, Tela," in ji Baba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai yanzu, sai an matso ake ji. "Ba wanda ya kai ki." Ya huta, ya haɗiyi yawu. "Amma ki fara zuwa wurin mutumin. Ki tambaye shi ko ya gama da kayansa."

Matar ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wasa ne. Mama ta ce lokacin juyi ya yi. Tela ta ajiye matashin, ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗarsa, suka juya shi ya fuskanci bango.